Gilashin Finland da Jeren Amaren Gobir

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya a Sabon Birni ko Isa, ko Gatawa ko Bafarawa, bayan 'yan jere sun kammala aikinsu, ya san Bagobira ba ta wasa da kayan ɗaki. Ga kabad shaƙe da tangaran, ga tambulan na gilashi an jera su bisa tsawo, ga kuloli masu ruwan zinari, ga samiru an ɗora ƙarama kan babba har sun kusa taɓa rufi. Uwa takan soma tarin kayan nan tun 'yarta ba ta bar goyo ba. Ta shiga adashi, ta yi kiwon akuya, ta yi ƙuli-ƙuli da mai, duk don kada a raina ɗiyarta ranar da dangin miji suka zo kallon ɗaki. To amma ɗauki kwano ɗaya ka kifa shi ka duba gindinsa. Sin za ka gani, ko Indiya, ko Turkiyya, in an yi sa'a Legas ko Kano. Da wuya ka tarar da abu guda wanda hannun Bagobiri ya yi. Kuɗin da aka shekara goma ana tarawa a bakin gulbin Rima, a yini ɗaya suke barin ƙasar Gobir, ba kuwa za su dawo ba.

Wannan ya sa nake so mu ɗaga kai mu dubi Finland, ƙasar da ta mai da kofin shan ruwa abin tutiya a duniya. Ra'ayina shi ne muna da duk abin da Finland ta fara da shi: ido mai sanin kyau, hannu mai sanin aiki, da kasuwa mai yunwar mazubi. Abin da muka rasa shi ne haɗa ukun nan wuri guda, da kuma ɗaukar mai sana'ar hannu da daraja. Lokacin yin haka yana ƙurewa, domin rashin tsaro yana watsa masu sana'ar tun ba mu rubuta ko sunayensu ba.

Ƙasar da ta san zaman kan iyaka

Finland tana can ƙuryar arewacin Turai. Mutanenta ba su kai miliyan 6 ba, kusan tamkar jama'ar jihar Sakkwato. Ta daɗe ƙarƙashin mulkin Suwidin, a 1809 ta koma hannun Rasha, ba ta sami 'yancin kai ba sai a 1917. Tsakanin 1866 da 1868 yunwa ta kashe mata mutane fiye da dubu ɗari. A 1939 Tarayyar Sobiyet ta auka mata da yaƙi, kuma da ƙura ta lafa a 1944 ta rasa babban yanki na lardin Kareliya. Mutane sama da 400,000 suka baro gonakinsu da gidajensu suka zama 'yan gudun hijira cikin ƙasarsu. Aka kuma ɗora mata diyyar yaƙi ta dala miliyan 300, wadda ta riƙa biya da jiragen ruwa da injuna da kayan katako har zuwa 1952.

Bagobirin da ya san tarihin gidansu ba zai ji labarin nan baƙo ba. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, kufanta na nan cikin ƙasar Sabon Birni. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836 Gobirawa suka sake kafa gadon sarauta a Tsibiri, daga baya Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Da Turawan Ingila da na Faransa suka ja layinsu a farkon ƙarni na 20, sai gida ɗaya ya rabu biyu, wa yana Nijeriya ƙane yana Nijar. Mun san gudun hijira, mun san sake gini bayan rushewa, mun san zama kusa da wanda ya fi ka ƙarfi.

Abin lura a nan shi ne lokacin da gilashin Finland ya yi fice. A 1951, ba a ma gama biyan diyya ba, 'yan Finland suka kai kayansu babban baje kolin fasaha na birnin Milan a Italiya, inda mai zayyana Tapio Wirkkala shi kaɗai ya ɗauki manyan lambobi uku. A 1954 suka koma, Wirkkala da Timo Sarpaneva suka sake yin zarra. Ƙasar da ba a san ta da komai ba sai katako da sanyi da yaƙi, sai ga shi ana ambatonta da kyan kofi da kasko. Ba su jira sun yi arziki kafin su kula da sana'a ba. Sana'ar tana cikin abubuwan da suka fitar da su kunya.

Nasarar kuwa tana da tushe. An kafa masana'antar gilashi ta Nuutajärvi tun 1793, ta Iittala a 1881, ta Riihimäki a 1910. A 1871 aka buɗe makarantar koyon sana'ar hannu a Helsinki, a 1875 aka kafa ƙungiyar bunƙasa sana'a da zayyana. Masana'antun suka ɗauki al'adar sa gasa: a faɗi irin mazubin da ake so, kowa ya kawo zanensa, wanda ya ci a ƙera nasa a kai kasuwa. Ta gasar 1932 aka sami tambulan ɗin Aino Aalto. Ta gasar 1936 aka sami tulun furanni mai lanƙwashe-lanƙwashe na mijinta Alvar Aalto, wanda aka nuna a baje kolin duniya na Paris a 1937. Ta gasar 1946 Wirkkala ya shiga Iittala.

A bakin tanderu

Gilashi ba wani abin asiri ba ne. Yashi ne mai tsabta, da soda wadda 'yar'uwar kanwa ce, da garin dutsen farar ƙasa. A haɗa su a tanderu a narka da zafin da ya haura digiri 1,400. Mai busa sai ya zura dogon bututun ƙarfe cikin tukunyar, ya naɗo curi mai danƙo, ja wur, yana murza bututun ba tsayawa, domin da ya dakata curin zai zube ƙasa. Ya hura kaɗan har iska ta buɗe ciki, ya mai da shi wuta, ya ƙaro wani, sa'an nan ya saka shi cikin ramin itacen da aka sassaƙa aka jiƙa da ruwa. Tururi ya tashi, shi kuwa yana hurawa yana jin yadda gilashin ke cika ramin ta nauyin da ke hannunsa. Wani na riƙe da itacen, wani na jiran ya karɓa, wani zai yanke baki ya goge kaifi. Daga nan a kai shi wani tanderun ya huce a hankali na sa'o'i, domin in ya sha iska farat ɗaya zai tsage. Aikin taron dangi ne, kuma sai mutum ya yi shekaru yana yaron shago kafin a yarda ya busa babban abu.

A wannan bakin wuta ne 'yan Finland suka yi abin da ya bambanta su. Mai zayyana, wanda ya yi karatun zane a makaranta, ba ya zama a ofis ya aiko da takarda. Yakan zo ya tsaya kusa da mai busa, ya sha zafi tare da shi. Ta haka Sarpaneva ya lura cewa in narkakken gilashi ya ƙona ramin itace, tabon ƙunar yakan fito a jikin gilashin. Abin da a da ake ɗauka ɓarna, sai ya mai da shi ado, aka fitar da jerin kayan da ake kira Finlandia a 1964, kowane ɗaya da irin zanensa domin itacen yana ƙara ƙonewa a kowane zubi. Haka Wirkkala ya daɗe yana gwaji tare da masu busa kafin a sami kofunan Ultima Thule a 1968, masu jiki irin na ƙanƙara in ta soma narkewa. Da kamfanin jiragen saman ƙasar, Finnair, ya buɗe hanyar New York a 1969, da waɗannan kofuna ya riƙa ba fasinjoji abin sha. Ilimin makaranta ya kawo sabon tunani, ilimin hannu ya faɗi abin da zai yiwu, hukuma kuma ta zama mai sayen farko.

Abu na biyu shi ne sun fi ba da ƙarfi ga kayan yau da kullum. Tambulan ɗin Aino Aalto ba busa shi ake yi ba, da inji ake matsa shi, don haka yana da araha. Yana da kauri, yana da zobba-zobba a jiki waɗanda ke hana shi suɓucewa daga hannu, suna kuma ɓoye ɗan aibin da gilashi mai araha kan zo da shi. Ya ci lambar zinariya a Milan a 1936, kuma har yau ana yin sa, shekara casa'in da ɗoriya. Kaj Franck, wanda ya jagoranci zayyana a Nuutajärvi, ya dubi yadda mutane ke zaune a ƙananan ɗakuna bayan yaƙi, ya ce ba su da wurin ajiye tarin faranta na ganin ido. Sai ya fitar da kwanukan Kilta a 1953 da kofunan Kartio a 1958: marasa tarkacen ado, masu hawa kan juna, kowane ɗaya yana aiki biyu ko uku. A ganinsa talaka ma ya cancanci ya ci abinci cikin abu mai kyau.

Gilashi ba baƙonmu ba ne

Kada wani ya ɗauka cewa narka yashi ilimin Bature ne kaɗai. A Ile-Ife, a wurin da ake kira Igbo Olokun, binciken Dokta Abidemi Babatunde Babalola ya tabbatar da cewa tsakanin ƙarni na 11 da na 15 an riƙa haɗa gilashi daga kayan ƙasar, ana yin duwatsun wuya da shi. Kusa da mu kuma akwai unguwar Masaga a Bida. Mutanenta suna cewa kakanninsu daga Misra suka taso. A da su ke haɗa ɗanyen gilashinsu baƙi, wanda suke kira bikini, daga yashi da kanwa. Yau kwalabe suke fasawa su narka a tanderun yumɓu da zuga-zugi, su naɗa a sandar ƙarfe su fitar da awarwaro da duwatsun wuya. S. F. Nadel ya bayyana tsarin ƙungiyarsu a littafinsa kan ƙasar Nufe na 1942, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen duniya da suka yi fice a sana'ar hannu. Amma Masaga ba ta sami irin gatan da Iittala ta samu ba. Ba gasa, ba mai zayyana da ya tare a bakin tanderunsu, ba hukumar da ta ɗaure wa kayansu gindi a kasuwa. Hannun yana nan, kayan kuwa sun tsaya inda kakanni suka bar su.

To ko maganin shi ne a kafa masana'antar gilashi a Isa ko Sabon Birni? Ban ga haka ba. Gaskiya ne akwai yashi a gulaben Rima da Bunsuru da Gagare, akwai dutsen farar ƙasa a Kalambaina wanda ake siminti da shi. Amma gilashi wuta yake ci. Tanderunsa ba ya mutuwa dare da rana, wata da watanni. Finland ta fara ne da dazuzzukan da suka rufe mafi yawan ƙasarta, daga baya ta koma kan mai da gas da lantarki. A Nijeriya ma kamfanin Beta Glass mai yin kwalabe a Ughelli da Agbara ya kafa masana'antunsa, can Kudu inda gas yake. Mu kuwa lantarki sai an gan shi, itacen girki ma nema yake ya gagari mata. Hausawa sun ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Hanyar da 'yan Finland suka bi ita ce abin ɗauka, mu aza ta kan kayan da ƙasarmu ke bayarwa.

Abin da ke hannunmu

Ƙasar Gobir tana da duma a fadama, da yumɓu a bakin gulbi, da kaba, da maƙera, da jar akuyar da fatarta ta ƙetare Sahara tun zamanin fatake har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Daga waɗannan ne kakanninmu suka cika ɗaki: ƙwarya da ƙoƙo da masaki da ludayi, akushi da tasa, randa da tulu da kasko, faifai da tabarma da lefe, titimi da jakar fata. Jeren farko na ƙwarya ne, an kankare su fari tas, an zana bayansu da wuƙa mai zafi. Kuma kowace sana'a tana da shugabanta a fada, Sarkin Maƙera da Sarkin Dukawa da sauransu, wato tsarin kula da inganci da horar da yara ya riga makarantar boko zuwa.

Dubi aikin gyartai. Mace ta kawo masa ƙwaryar da ta tsage, ya juya ta ya ga inda tsagar ta nufa, ya huda ƙananan ramuka gefe da gefe da basilla, ya bi su da siririn zare yana ja yana matsewa har bakin ya haɗu. In ya gama, a zuba nono ba ya ɗiga. Mutumin nan ya san halin duma: wanda ya nuna sosai, wanda aka yanke da wuri, wanda zai karɓi ɗinki da wanda zai ƙara tsagewa. Irin wannan sani ba ya cikin littafi, kuma da shi da sanin mai busa gilashi na Iittala duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Bambancin shi ne an rubuta sunan wancan, an ba shi albashi da almajirai, wannan kuwa yaransa sun tafi acaba a Sakkwato ko Legas.

Ba na cikin masu ɗora wa mata laifi cewa sun guji kayan gida. Jere dukiyar mace ce, asusunta ne na ranar tsiya, mutuncin uwarta ne, kuma tana da hujja a duk zaɓin da ta yi. Langa da fanteka sun kori ƙwarya ne domin ba sa fashewa. Roba ta kori langa domin ba ta da nauyi kuma ba ta da tsada. Kula ta shigo domin tana riƙe zafin tuwo har maigida ya dawo. Rayuwa ta sauya, kayanmu ba su sauya ba. Ƙwarya har yau ba ta zama da gindinta sai da gammo, ba ta da murfin da zai hana ƙuda da zuba. Randa tana sanyaya ruwa ba lantarki, amma bakinta a buɗe yake, kowa ya tsoma moɗa da hannu, ta haka cuta ke zagaya gida. Fatarmu tana da laushi, amma sau da yawa wari bai gama fita ba, rini kuma yana zuba. Tukwane goma na magini ɗaya, ba biyu da murfi ɗaya zai yi musu daidai. Duk waɗannan matsaloli ne na fasali, kuma irinsu ne Aino Aalto da Kaj Franck suka zauna suka warware wa mutanensu.

Akwai kuma ciwon da ba mu cika son faɗa ba, wato raina mai sana'a. Muna yabon takalmi mu ƙi ba majemi 'ya. Yaron da ya fito daga gidan magina in ya yi boko, abu na farko da yake koya shi ne ɓoye sana'ar gidansu. Muddin ɗan boko yana ganin zama kusa da maƙeri faɗuwa ce, haɗuwar da ta ɗaukaka Finland ba za ta auku a nan ba.

An taɓa yi a gida

Ba sai mun je Turai neman shaida ba. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya kasance yana tara tukwanen wata Bagwariya mai suna Ladi Kwali a fadarsa. A nan wani Bature magini, Michael Cardew, ya gan su, kuma da ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, wanda yau ake kira Suleja, Ladi ta shiga a 1954. Ba ta bar ginin hannu da zanen ƙadangaru da kifaye da ta gada ba, sai dai ta ƙara da sabuwar hanyar gashi da shafe mai ƙyalli. Tukwanenta suka kai London, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, yau hotonta na bayan naira 20. Asalin abin kuwa sarki ne ya ga aikin talakarsa ya san darajarsa.

Na biyu shi ne Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa wanda ya fito daga gidan magina. Ya saka ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da danshin tsumma. Yayin da ruwan ke tsanewa ta jikin tukunyar waje, sai cikin ya yi sanyi, gauta da tumatir da kan lalace cikin 'yan kwanaki su kai makonni. Maginan ƙauye ya ba aikin, suka gina dubbai, kuma a shekarar 2000 ya sami lambar yabo ta Rolex. Ɗan boko ne da bai ji kunyar yumɓu ba. Ga irin mutumin da Gobir ke bukata.

"Ana ta kai wa ke ta kaya?"

Na san abin da mai karatu a Sabon Birni zai ce, kuma yana da gaskiya. Mutanen da aka ƙona 'yan'uwansu cikin mota a hanya a watan Disambar 2021, mutanen da aka sace musu Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, aka kashe shi a hannun 'yan bindiga a watan Agustan 2024, Allah ya jiƙansa, mutanen da ke biyan haraji ga ɓarayi kafin su shiga gonarsu, da wane kunne za su saurari zancen ƙwarya da kofi? Tun 2019 dubun-dubatar jama'a daga wannan yanki suka tsallaka jihar Maraɗi. Tsaro shi ne farko, ba mai musun haka.

Amma a dubi abin da hijira ke yi wa sana'a. Manomi in an sami lafiya zai koma ya tarar da gonarsa, ko da ta zama saura. Mai ginin tukwane kuwa iliminta a haɗe yake da ramin yumɓun garinsu. Ta san wanda ake cuɗawa da wane, ta san yawan ƙaiƙayin da yake so. In ta shekara biyar a gudun hijira ba ta gini, 'ya'yanta sun tashi ba su taɓa cuɗa yumɓu ba, in ta rasu shi ke nan an rufe littafin. Gida ana sake gina shi, sana'ar da ta yanke tsakanin uwa da 'ya ba ta cika dawowa ba. Saboda haka kula da masu sana'a ba abin da za a jinkirta ba ne sai an gama yaƙi. Ƙari a kan haka, wanda aka raba da gonarsa ba abin da ya rage masa sai hannunsa. Matar da ke saƙa faifai a Isa ko a Gidan Rumji tana ciyar da 'ya'yanta ba tare da ta jira buhun agaji ba, saurayin da ke da maƙera kuma yana da abin da zai hana shi sauraron masu kiran daji.

Wajibi ne kuma a faɗi ɗaya gefen labarin Finland, don kada a yi wa kowa romon baka. Kayan inji masu araha sun buge su su ma. Riihimäki ta daina aikin gilashi a 1990. Kamfanin Fiskars, wanda ya sayi Iittala a 2007, ya rufe masana'antar Nuutajärvi a 2014 bayan ta haura shekara 220. Abin da aka busa da baki tsada gare shi, ba kowane gida ke iya saye ba. Amma da yake sun adana zane da sunaye, suna da gidan tarihin gilashi a Riihimäki, suna da makarantu, ilimin bai mutu ba. Ƙananan masu busa suna ci gaba da aiki a ƙauyen Nuutajärvi, kuma a Disambar 2023 UNESCO ta sa sana'ar gilashin hannu ta Finland da wasu ƙasashen Turai biyar cikin gadon ɗan Adam da ya wajaba a kiyaye. Sana'ar hannu ba za ta kori roba daga kasuwar Shinkafi ba. Abin da za ta iya shi ne ta riƙe wuraren da ta fi roba amfani, ta kuma sami masu saye a birane da ƙetare waɗanda za su biya kuɗin gwaninta.

Abin yi

Na farko, a san su wa suka rage. Hakimai su kira sarakunan sana'a da shugabannin mata a rubuta magina da masassaƙa da majema da dukawa da masaƙa, da garin kowa na asali da inda yake zaune yanzu. Cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato ta karɓi samfurin aikinsu, kowane da sunan mai shi da garinsa da shekarar da aka yi shi.

Na biyu, a sa gasa duk shekara kan bukata takamaimiya: randa mai ƙaramin baki da famfo a gindi, murhun yumɓu mai cin itace kaɗan, ƙwaryar fura mai gindi da murfi, jakar makaranta ta fatar akuya. Sharaɗin shiga shi ne mutum biyu, ɗalibi da mai sana'a, kyauta kuma a raba daidai. Jami'ar Ahmadu Bello tana koyar da ginin tangaran da fasahar gilashi, akwai cibiyar binciken fata a Zariya, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato. Ɗaliban da ke neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai, ga shi nan a ƙofar gida.

Na uku, hukuma ta zama mai sayen farko kamar yadda Finnair ta yi. Randar da ta ci gasa a sa ta a azuzuwan firamare da ɗakunan shan magani. Kyautar da gwamnati ke ba baƙi ta fito daga hannun dukawan jihar. Masu hali in za su aurar da 'ya, su ware wa aikin gida gurbi na gaba a ɗakin, domin abin da manya suka ɗaukaka shi talaka ke sha'awa.

Na huɗu, kowane mai sana'a ya riƙa sa alamarsa a jikin kayansa, don mai saye ya san wanda zai yaba da wanda zai koma wa in aiki ya ɓaci. Na biyar, a tuna Gobir ba ta ƙare a kan iyaka ba. 'Yan'uwanmu na Nijar sun riga mu nisa a wannan fanni: a gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai masu sana'a suna aiki suna sayarwa a cikin harabar, kuma suna kai kaya baje kolin sana'o'in Afirka da ake yi a Wagadugu tun 1988. Gasar da ta haɗa Sabon Birni da Isa da Tsibiri da Maraɗi za ta fi armashi, za ta kuma riski waɗanda hijira ta kai can.

Cikin waɗannan biyar, na farko ba ya bukatar kasafin kuɗi ko izinin Abuja. Littafin rubutu ne, da malamin makaranta guda, da umurnin hakimi. Tsofaffin da suka san aikin suna raguwa kowace damina, wasu ciwo ya ɗauke su, wasu bindiga, wasu baƙin cikin zaman gudun hijira. Ina roƙon iyayenmu sarakunan Gobir, na Sabon Birni da na Isa, su ba da wannan umurni bana, kafin a yanke duman kaka.